Daddawar Inna Laraba a Kumasi

Tun da na dawo daga Kumasi ba a bar kunnuwana sun huta ba. A makarantar da nake koyarwa, a gidan suna, har wurin mai kayan miya na bakin layinmu a Tudun Wada, tambayar ɗaya ce: Malama Rakiya, ya Gana, ya karatu? Ni kuwa sai in ce lafiya lau in ja bakina, har ƙawata Hadiza ta fara cewa karatun mahaukata ya cinye mini harshe. Ba rowar labari nake yi ba. Rabin labarin na wani ne, kuma ko da mai shi ya ce in faɗa, sai yanzu na samu bakin magana. To ga shi nan, kowa ya ji, a ƙyale ni in sha ruwa.

Abin da ya kai ni digiri na biyu ne a ilimin halayyar ɗan Adam, wanda 'yan unguwarmu suka rantse sunansa karatun mahaukata ko da zan yi bayani har maƙogwarona ya bushe. Ana gobe zan tafi, ina fama da akwatin da ya ƙi rufuwa, sai ga Inna Laraba ta yi sallama. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da ita. Ɗanta Shu'aibu tela ne, shi ya ɗinka mini kayan makaranta tun ina firamare, Yaya nake ce masa tun ban san komai ba. Bayan rasuwar matarsa ya rufe shago ya tafi Kumasi wurin wani abokinsa. Da farko yana kira, sai kiran ya ragu, sai ya ɗauke ɗif, an fi shekara ba a ji ɗuriyarsa ba.

Inna ta ajiye mini ƙullin leda a kan akwatin. Daddawa ce wadda ta yi da hannunta, da kuka, da yaji. Ta ce, "Ki ba shi a hannunsa. Ki ce masa ban yi fushi ba."

Na buɗe baki zan ce mata Kumasi fa ba Tudun Jukun ba ce, da za a tsaya a bakin masallaci a tambayi gidan wane a nuna. Sai na dubi idonta na haɗiye maganar. Wa ke mayar wa tsohuwa saƙo? Na cire takalma biyu daga akwatin na cusa ƙullin.

A tashar Kwangila na hau babbar motar Legas. Allah ya haɗa ni kujera ɗaya da Mama Nkechi, 'yar kasuwar atamfa da ta tsufa a Zariya, Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari. Ba mu wuce Kaduna ba ta fara jan hanci tana waige-waige, ta ce wani ya shigo da mushe motar nan. Na kawar da kai ina kallon taga. Akwatin yana can ƙasa cikin kaya, amma daddawar Inna ba ta san ƙasa da sama ba. Da na gaji na faɗa mata gaskiya, ta yi dariya har da hawaye, ta ce ita ma Gana za ta, in manne mata, don mai ɗauke da irin wannan kaya tana bukatar lauya.

Ashe ba wasa take yi ba. Daga Legas muka sake mota, kuma kafin a shiga Gana sai an ratsa ƙasashe biyu masu jin Faransanci. Kowace iyaka a sauko, a jeru cikin rana, a nuna fasfo da katin allura, a koma a sake sauka. A iyakar farko wani jami'i ya buɗe akwatina, ya zaro ledar kuka, ya ɗaga ta sama yana kallon koren garin, ya kira abokin aikinsa. Na ce miya ce, na faɗa da Hausa, na faɗa da Turanci, shi kuma yana ta zuba mini Faransanci yana nuna wani ɗaki da yatsa. Na riga na hango kaina a tsare, karatu ya tafi, ana cewa a Tudun Wada an kama Malama Rakiya da ƙwaya. Mama Nkechi ce ta kutso, ta tsoma yatsa a garin ta lasa, ta kwaikwayi kaɗa miya da cin tuwo har da suɗe hannu. Jami'in ya kwance ɗayan ƙullin don ya tabbatar, warin daddawa ya buge shi, ya ja baya ya yi mana hannu mu wuce.

A Ankara, babban birnin Gana, muka rabu da Mama Nkechi, na kama motar Kumasi. Masaukina a wani zango ne, wato unguwar Hausawa da sauran Musulmi, gidan Hajiya Maimuna mai sayar da shinkafa da wake. Mace ce mai faɗa da kyauta, duka biyun ba ta yi musu awo. Ranar farko ta dube ni ta ce, "Ka ci abinci?" Na waiga in ga namijin da take yi wa magana. Haka Hausarsu take, mace da namiji duk ka ne, sai da na yi makonni kafin in daina jin haushi. Da ta ga ƙullin Inna kuwa ta riƙe ciki don dariya, ta ce na ɗauko ruwa na kawo kogi, daddawa da kuka ga su nan jibge a kasuwa. Na ce wannan ba ta kasuwa ba ce. Na ɗora ƙullin a kan kabad ɗin ɗakina, kullum na buɗe ƙofa shi ke fara yi mini sannu da zuwa.

Abinci bai ba ni wahala sosai ba. Da safe akwai koko da ƙosai kamar a gida, sai dai kokonsu ya fi namu yaji. Dokunu ne ya ƙi ni na ƙi shi, tuwon masara ne mai tsami naɗe a ɓawon masara, ana ci da soyayyen kifi da ɗanyen barkono. Na ci loma ɗaya na ce wa Hajiya wannan a Zariya sunansa tuwo ya lalace. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne jana'izar mutanen gari. Mu kafin rana ta faɗi an kai mutum makwancinsa. Su kuwa sai a ajiye gawa makonni, a buga hoton mamaci a manna a bango, ranar Asabar a fito da baƙaƙen kaya da jajaye, a kafa rumfa, a saki kiɗa. Asabar ta farko na tsaya ina tambaya auren wa ake yi.

Na nemi Yaya Shu'aibu, Allah ne shaidata. Duk ranar da ba lacca sai in bi shagunan teloli ina tambayar Bazazzagi dogo mai ɗan gemu. Zangon Kumasi ba ɗaya ba ne, kuma kowa ya san wani Shu'aibu, ba dai nawa ba. Abokin da ya je wurinsa an ce ya koma arewacin ƙasar tuntuni. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci Inna takan sa a kira mata ni, tambayarta ɗaya, kin gan shi? In ce tukuna, Inna. Ta ce to, Allah ya sa a dace, ta kashe.

Karatun kuwa ba wasa. Bayan watannin farko na lacca aka rarraba mu asibitoci mu koyi aiki. Aka tura ni wani ƙaramin asibitin masu ciwon damuwa, ƙarƙashin Dakta Afua, mace 'yar siririya da ba ta ɗaga murya, amma in ta dube ka ta saman tabarau sai ka tuna zunubanka. Ranar farko ta shimfiɗa mana doka. Abin da aka ji a ɗakin nan a nan yake mutuwa. Wanda ya fitar da sirrin mara lafiya ya bar asibitin, kuma takardarsa za ta riga shi isa jami'a. Aikina in zauna a gefe in saurara, in mara lafiya ya yarda.

Wata Talata da hantsi ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce saura mutum ɗaya. Ƙofa ta buɗe, wani dogo ya shigo, riga tana yawo a jikinsa, gemu ya yi furfura. Sai da ya ɗago kai na gane shi. Wallahi alƙalamin hannuna faɗuwa ya yi. Shi ma ya tsaya cak, ya dube ni, ya sunkuyar da kai kamar an kama shi da sata. Dakta Afua ta dubi fuskata ta dubi tasa, ta ce in fita in jira ta.

Bayan ya tafi na gaya mata komai: katanga, Inna, ƙullin da ke kan kabad. Ta saurare ni har ƙarshe. Sannan ta ce ba zan sake zama a ɗaki in yana ciki ba. Ba zan gaya wa uwarsa ba, ko da ishara. Ba zan nemi gidansa da abin da na gani a asibiti ba. In kuma muka haɗu a hanya, kada in gaishe shi sai in shi ya fara gaishe ni, don gaisuwar ma'aikacin asibitin nan a bainar jama'a tana iya tona wa mutum asiri. Wannan dokar na karanta ta a littafi, na ma amsa ta a jarrabawa na ci. Na ce to. Ban yi tunanin komai ba, kaina ya riga ya cika da ramar da na gani.

Juma'ar da ta biyo ita ce mafi muni a zamana a Gana. Waya ta yi ƙara, na zuba mata ido har ta kusa yankewa. Inna ta ce kin gan shi? Ƙarya ba zan yi wa tsohuwar nan ba, gaskiya kuma an ɗaure mini baki. Na ce Inna, a ci gaba da addu'a. Ta ce muryata ta canja, ko ba ni da lafiya? Na ce mura ce. Da ta kashe na zauna na yi kuka mai isata, warin daddawa ya cika mini ɗaki.

Ba a daɗe ba aka aike ni wata makaranta a wani zangon da ban taɓa shiga ba. Da safe ne, na sauka daga mota na yanki wani lungu, sai ga shi zaune a kan benci wurin mai koko, kofi a hannu. Ya gan ni, na gan shi. Na rage tafiya ina jira ya yi magana. Yana kallona, shi ma yana jira. Bencin cike yake da mutane. Bakina ya ɗauko ina kwana Yaya, muryar Dakta Afua ta danne shi. Na zo daidai da shi, na wuce. Ban waiga ba, amma na ji idonsa a bayana har na sha kwana.

Talatar da ya kamata ya zo asibiti bai zo ba. Ta gaba ma bai zo ba. Na ji ma'aikaciyar jinya tana gaya wa Dakta wayarsa a kashe take, kuma unguwar da ya ce yana zaune an je ba wanda ya san shi. Na ga Dakta ta cire tabarau ta murza ido, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Na yi karatun da zan san abin da ake tsoro in mai irin ciwonsa ya ɓace shiru. A nan tsaye abin ya faɗo mini, na ji kamar an watsa mini ruwan zafi.

Na shiga ofishinta ko sallama ban yi ba. Ni dai kun san ni, in raina ya ɓaci ba na tauna magana. Na ce mata a garinmu ƙarami ke gaida babba. Mutumin nan ya girme ni nesa ba kusa ba, ya goya ni, ko sama da ƙasa za su haɗe ba zai fara gaishe ni ba, ba girman kai ba ne, haka aka yi mu. Na ce dokar da aka yi don ta rufa masa asiri ita ta gaya masa, a gaban mutane, cewa ƙanwarsa ta gan shi a asibitin mahaukata ta daina saninsa. Na ce ni ce jakar da ta san haka ta kuma bi littafi.

Ta cire tabarau ta ajiye. Sannan ta ce ba ta san da wannan ba, kuma ta yi nadama. Amma ba za ta iya aika ɗaliba gidan mara lafiyan da ta sani ba. In na je, a matsayin maƙwabciya zan je, ba zan ambaci asibiti ga kowa ba, kuma ba zan dawo aiki a wurinta ba, sai dai in sake koyon aikin daga farko a wani wuri, abin da zai ja mini ƙarin zangon karatu. Ta ce in je in yi tunani. Na ce na gama tunanin tun a bakin ƙofa.

Na koma gida na sauko da ƙullin. Na ce wa Hajiya Maimuna na samu labarin inda ɗan maƙwabciyata yake shan koko, ta raka ni, don ba zan shiga ɗakin namiji ni kaɗai ba. Ba ta tambaye ni komai ba, ta bar wa 'yarta tukunya ta yafa mayafi. Mai kokon ta gane shi da na kwatanta, ta ce ai baƙon nan mara magana, ya kwana biyu bai fito ba, ta nuna mana wani gidan haya a ƙarshen lungu. Matan gidan suka nuna ɗakin ƙurya. Suka ce tun shekaranjiya ba su ga ya buɗe ba, sun ɗauka tafiya ya yi. Takalmansa kuwa ga su a bakin ƙofa.

Na ƙwanƙwasa, shiru. Hajiya ta buga da ƙarfi, shiru. Hajiya ta ce a kira maza a ɓalle ƙofar, na ce ta dakata. Na cire takalmi na durƙusa a kan simintin nan mai zafi, kamar yadda zan yi a zauren gidansu, na ɗaga murya yadda duk gidan zai ji.

"Yaya, ina wuni. Rakiya ce ta gidan Malam Bala. Na zo gaishe ka."

Ba amsa. Amma na ji gado ya yi ƙara, kaɗan. Wallahi ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba. Na sake gaisuwa, na tambayi gajiya, na tambayi aiki, ni kaɗai ina yi ina amsa wa kaina, ƙofa ba ta motsa ba. Hajiya ta dube ni ta dubi ƙullin, ta fizge shi daga hannuna. Ta ari murhun gawayi da tukunya wurin matan gidan, ta aika aka sayo garin masara da busasshen kifi, ta kafa girki a daidai bakin ƙofarsa tana ta mita wai mutanen Nijeriya taurin kai gare su. Ni dai ina durƙushe, gwiwoyina sun mutu. Ta daka daddawar ta zuba, ta kaɗa kuka, tana fifita wutar da gangan wajen ƙofar.

La'asar ta yi sannan muka ji an zare sakata. Ya buɗe kaɗan, ya jingina da bango don ƙafafunsa ba su ɗauke shi sosai. Bai dube ni ba, tukunyar yake kallo. Ya ce, "Wannan daddawar Inna ce."

Na ce ita ce, Yaya.

Ya ce, "Kin wuce ni, Rakiya."

Na ce na wuce shi, kuma ban kyauta ba. Na matsa kusa yadda matan gidan ba za su ji ba, na gaya masa dokar da aka ba ni da dalilinta, na ce ba ƙyama ba ce, wauta ce ta 'yan boko. Sannan na ɗauki ragowar ƙullin na sa masa a hannu kamar yadda aka umarce ni, na ce Inna ta ce in gaya maka ba ta yi fushi ba. Ya zame ya zauna a dokin ƙofa, ya rufe fuska da ledar. Hajiya ta kori matan da suka taru, ta zuba tuwo ta tura masa, ta ce ya ci kafin ya huce, kuka ba ya hana loma.

Talatar da ta biyo ya koma asibiti, Hajiya ce ta raka shi, ni ban isa in taka wurin ba. Dakta Afua ta cika alkawarinta, an mayar da ni wani asibitin can bayan gari, abokan karatuna za su riga ni gamawa. Na ji zafin abin, ba zan ɓoye ba, har yau in na tuna sai na yi tsaki. Na dai ji an ce yanzu Dakta takan tambayi sababbin ɗalibai yadda ake gaisuwa a garinsu kafin ta ba su dokar. Shi kuwa Hajiya ta samo masa aron keken ɗinki wurin wani ɗan'uwanta. Sauƙin yana zuwa a hankali, wata rana gaba, wata rana baya.

Da hutu ya zo na je yi masa sallama. Na roƙe shi ya kira Inna, ya ce bai iya ba tukuna, in ya ji muryarta ba zai iya magana ba. Ya miƙo mini wata riga da ya ɗinka mata. Ya ce in gaya mata komai, in gaya wa duk wanda ya tambaya, ɓoyon ya fi ciwon gajiyar da shi.

Hanyar dawowa ba wanda ya buɗe mini akwati. Na sauka a Kwangila na hau keke mai ƙafa uku, ko wanka ban yi ba na zaga gidan Inna Laraba. Tana zaune a tabarma tana tsince shinkafa. Na gaishe ta na ajiye mata rigar a cinya, ina ta shirya yadda zan fara. Ba ta dubi launin ba, ba ta gwada ba. Ta juya rigar ciki waje, ta kai ta kusa da ido, ta bi ɗinkin da ɗan yatsa tun daga wuya har ƙasa. A wajen hammata yatsan ya tsaya.

Ta ce, "Hannunsa ne. Amma nan ya karkace, Shu'aibu kuwa ba ya karkata ɗinki. Me ya same shi?"

Na gaya mata, ban rage komai ba, har wucewar da na yi masa. Ba ta katse ni ba, ba ta yi kuka ba, tana dai riƙe da wurin da ya karkace. Da na gama ta tambaye ni ko ya ci miyar. Na ce ya ci, har ya nemi ƙari. Ta gyaɗa kai, ta ninke rigar, ta tambayi ranar da zan koma.

Washegari da safe ina shanya, hayaƙi ya taso ta kan katangarmu. Na leƙa. Inna ce ta ɗora babbar tukunya tana dafa kalwar sabuwar daddawa, sanye da rigar.